Sai an Yi wa Reino Tayi Sau Uku

Ranar jana'izar mahaifina, sabon faston cocinmu ya miƙe gaban jama'a ya ce Reino Hautala mutum ne da ya shekara casa'in da bakwai a duniya bai taɓa son komai don kansa ba. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa saura ƙiris in tashi in ƙaryata shi, ƙanwata Saima ce ta taka mini ƙafa. Ba laifin faston ba ne, bara ya zo mana daga jihar Ohio, bai san mu ba. Amma Baba ya so abubuwa da yawa. Ya so gahawa mai sukari, ya so burodin nisu da zafinsa, ya so girma, kuma ya so yabo kamar kowa. Abin da bai iya ba shi ne karɓar abu a tayin farko.

Iyayensa ne, Jaakko da Hilja, suka taho da wannan hali daga Finland a jirgin ruwa, tare da gatari da tukunyar gahawa. In an ce maka ga gahawa, sai ka ce a'a, yanzu na sha. In an sake, sai ka ce don Allah kada a wahala saboda ni. Sai a na uku za ka miƙa kofi ka ce, to, rabi kawai. Duk tsofaffin ƙauyenmu Nisula haka suke yi, amma su a bakin tebur suke barin abin. Baba shi kaɗai ya ɗauke shi ya shiga duniya da shi, a ƙasar da mutum ke tambayarka sau ɗaya yana duba agogo.

Shekara ashirin da biyu ya yi a ramin haƙar jan ƙarfe. Wata rana babban mai kula da ramin, wani Bature ɗan asalin Ingila, ya kira shi ya ce yana son ya naɗa shi shugaban leburori. Baba ya sunkuyar da kai ya ce ai akwai waɗanda suka fi shi. Mutumin ya ce to madalla, ya naɗa wani. Baba ya dawo gida ya yi mako guda ba ya magana da kowa, yana jiran a sake aiko masa. Har aka rufe ramin ba a aiko ba. Mama takan ce masa, “Reino, rashin tayi akan bar arha, kai kuwa an yi maka tayin ka bar ta.” Sai ya ce mutumin ne ba shi da tarbiyya.

Ita kanta Mama, Lempi, ta ce da ta biye masa da ba a haife mu ba. Shekara biyu yana zuwa gidansu kowace Lahadi yana gyara musu shinge, har shingen ya rasa wurin gyara. Ita ce ta gaji ta ce masa su yi aure. Ya ce ai ta fi ƙarfinsa. Ta sake, ya ce kada ta cuci kanta. Da ta faɗa na uku, ta ce kafin ta rufe baki ya ciro zobe daga aljihu, ashe tun bara yake yawo da shi.

Na fi jin haushin abin da ya faru ina ɗan shekara goma sha huɗu. Yana saran itace shi kaɗai a bakin hanya, cikin dusar ƙanƙara, bishiya ta faɗo ta danne masa ƙafa. Ya yi ta fama har ya zaro ta, ya zauna a kan kututture, takalmi cike da jini. Sai ga wani mai rarraba madara a motarsa. Mutumin ya sauke gilashi ya ce, lafiya, ko in rage maka hanya? Baba ya ce lafiya lau, yana ɗan hutawa ne. Mutumin ya ɗaga masa hannu ya wuce. Da rarrafe Baba ya iso gida. Mama tana yanke masa takalmi da almakashi tana zaginsa, shi kuma yana cewa, “Ko sau biyu bai tambaya ba, Lempi. Wane irin mutum ne wannan?” Da wannan ɗingishin ya ƙare rayuwarsa.

Bayan rasuwar Mama ya zauna shi kaɗai a gona, yana noman dankali, yana faskare, yana hura sauna, wato ɗakin wankan tururi, kowace Asabar. A cikin saunar nan aka haife shi. Kakana Jaakko ne ya gina ta da gumagumai tun kafin ya gina gidan, su biyu da kakata suka yi hunturun farko a cikinta. Ba a taɓa yin Asabar hayaƙi bai tashi daga bututunta ba, ko a shekarun da Baba ya yi a soja, kakana ne ke hurawa.

Yana da casa'in da shida ya zame a bakin rijiya ya karya ƙugu. Daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi a garin Hancock. Wata biyu da kai shi sai na ga mutum yana ƙarewa, wando na zamewa, agogo na yawo a hannu. Likita ya ce tsufa ne, cin abinci kan ragu. Ban yarda ba, don na san cikin Reino Hautala. Na zo da rana tsaka na zauna a lungu ina kallo.

Wata yarinya mai fara'a ta shigo da keken abinci.

“Kaka Reino, ga miyar kifi yau. Za ka ci?”

“A'a, na gode, 'yata. Ban daɗe da ci ba.”

“To, shi ke nan. A huta lafiya.”

Ta tura kekenta ta fita. Baba ya bi miyar da ido har ta sha kwana, ya haɗiye yawu.

“Baba! Yunwa kake ji ko ba ka ji?”

“Wa ya ce maka ina jin yunwa?”

“Cikinka ne ya faɗa, tun daga nan nake jin sa.”

“Yarinyar tana da aiki da yawa. Ba ka ga tana sauri ba?”

Na je wurin babbar nas na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce a riƙa tambayarsa sau uku. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce a ƙa'idarsu in tsoho ya ce ba ya so, ba a matsa masa, haƙƙinsa ne. Na ce ai a'a ɗin nan tasa ba a'a ba ce. Ta dube ni kamar ni ma na kusa buƙatar gado a wurin. Tun daga ranar kullum sai na tuƙo mota na zo, ni da nake da nawa ciwon bayan, in tsaya a kan tsoho da cokali muna wasan da ya gada.

“Baba, ga miya.”

“Yanzu na ci.”

“Ci mana, za ta huce.”

“Kada ka wahala saboda ni, Martti.”

“Na riga na wahala! Ci!”

“To, cokali biyu.”

Sai ya share kwanon har ya goge da burodi. Wata rana na ce masa mu daina wannan zagaye-zagaye, ni ɗansa ne, ba baƙo ba. Ya ce shi bai san zancen da nake yi ba.

Da kaka ta shigo, ganyaye suka fara ja, likita ya kira mu ni da Saima ya ce zuciyar Baba ta gaji, ba zai ga Kirsimeti ba. Baba ya ji, ya ce to. Amma na lura kowace Asabar sai ya sa a juya masa kekensa wajen taga. Ba ya cewa komai sai, “Yau babu iska. Hayaƙi zai tashi sak.” Ko kuma ya tambaye ni ko ɓeraye ba su shiga rumbun itacen ba. Shekara guda cur rabonsa da sauna, sai dai a tsayar da shi ƙarƙashin famfo a cuɗe shi da soso kamar mota. Na san abin da yake so, kuma na san lokaci ya ƙure. Mutumin da aka haifa a kan bencin saunar nan yana neman ya mutu bai sake hawa ba, don kawai bakinsa ba zai iya roƙo ba.

Saima ta zo daga Minneapolis. Shekara arba'in a birni sun sa ta manta gida. Ta shiga ta fito ta ce mini, “Yaya Martti, na tambaye shi zancen saunar. Ya ce ba ya so. Ka ƙyale shi ya huta.”

“Sau nawa kika tambaya?”

“Sau ɗaya mana. Kurma ne?”

“Ke a gidan wa kika tashi?”

“Kada ka fara da ni. Mutum ya ce a'a, a'a ce. Ku ne kuka ɓata shi, kai da Mama.”

Na bar ta tsaye na shiga. Na jawo kujera gabansa.

“Baba, Asabar zan kai ka gona ka yi sauna.”

“A'a, jiya aka yi mini wanka.”

“Wannan ba wanka ba ne. Zan zo in ɗauke ka.”

“Kada ka wahala saboda ni.”

Na gyara zama, na riga na fara tunanin inda zan sa kekensa a mota.

“Baba, mu je ka yi sauna.”

Ya juya ya dubi taga.

“A'a.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya ƙi na uku ba.

“Na uku ke nan fa, Baba.”

“Na iya ƙirga.”

“To mene ne kuma?”

“Da ƙafata na shiga saunar nan tun ina yaro. Ba zan bari ka kinkime ni tsirara kamar buhun dankali ba, kai da bayanka ya lalace. A bar maganar.”

Na yi na huɗu, na yi na biyar, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ya hana kansa shugabanci, ya kusa hana kansa mata, ya kusa rasa ƙafa, yanzu kuma zai hana kansa wannan, sai ka ce akwai wanda zai ba shi lambar yabo a kabari. Ya ce in rage murya, akwai marasa lafiya. Na fita na buga ƙofa, nas ɗin nan ta bi ni da kallo.

Asabar da safe na tafi gona ba tare da wani shiri ba, haushi ne kawai ya kai ni. Na buɗe saunar, na share kashin ɓera, na ɗebo ruwa a rijiya na cika randar ƙarfe. Na je rumbu, sai ga itacen da Baba ya faskara da hannunsa kafin ya faɗi, a jere reras, kowane da tsawonsa ɗaya. Nan ne dabara ta faɗo mini. Na kwaso mafi kyau, busasshen da yake ɓoyewa a can ciki don manyan baƙi, na cusa a murhu ba tausayi. Na zauna har duwatsun da ke kan murhun suka yi zafin da in ka tofa musu yawu sai ya yi tsalle. Sannan na ƙara itace, na shiga mota.

Na tarar da shi gaban taga, Saima na yanke masa farce.

“Ba tambayarka na zo yi ba,” na ce. “Na zo ne in gaya maka na hura sauna.”

“Madalla. Ka yi wankanka lafiya.”

“Na fasa. Kaina ke ciwo. Zan bar ta ta huce.”

Ya janye hannunsa daga na Saima.

“Ka hura ka bari ta huce?”

“E.”

“Da wane itace?”

“Na can cikin nan, wanda ka rufe da buhu.”

“Duka?”

“Kusan rabi.”

Fuskar tsohon nan ta yi ja. Rabona da in ga jini a kumatunsa tun kafin ya faɗi.

“Wa ya koya maka wannan sakarci? Shekara uku itacen nan yana bushewa! Ka ƙone shi a banza, babu wanda zai shiga? Saima, kina jin yayanki?”

“Ina ji, Baba. Dama ba shi da hankali.”

“Ai sai a kira maƙwabta su shiga!”

“Duk sun tafi farauta,” na ce. Ƙarya nake yi.

Ya yi ta huci. Ya dubi taga, ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni kamar zai mare ni.

“To,” ya ce, “tunda an riga an hura. Ba don ina so ba.”

“Na sani.”

“Don itacen ne.”

“Na sani, Baba.”

Nas ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauki zafi ba. Saima ce, Allah ya yi mata albarka, ta je ta nemo likitan. Ya dubi Baba wanda ya riga ya sa hularsa, ya ce me kuma ake tattali, a kai shi, amma a bencin ƙasa, kuma kada a daɗe.

Da muka shiga layin gonar ya hango hayaƙi yana tashi sak. A ƙofar saunar keken ya ƙi shiga, kakana bai gina ta don keke ba. Na sunkuya zan ɗauke shi ya ture ni. Ya kama gefen ƙofa da hannu ɗaya, ya dafa kafaɗata da ɗayan, ya ja ƙafar nan mai ɗingishi ya tsallake da kansa. Rabin nauyinsa a kaina yake, amma ban faɗa ba, shi ma bai faɗa ba. Saima ta zauna a waje da tawul da tukunyar gahawa.

Na zaunar da shi a bencin ƙasa. Sai a lokacin na ga yadda ya koma, haƙarƙari duk a waje, ga tabon bishiyar nan fari fat daga gwiwa har idon sawu. Na ɗebi ruwa ɗan kaɗan a moɗa na yayyafa wa duwatsun, don tsoron zuciyarsa nake yi. Suka yi ɗan tsaki, tururin ko kunnena bai kai ba. Na jiƙa tsintsiyar ganye na shiga bubbuga masa baya a hankali. Ya lumshe ido. Itace na ta ƙara a murhu.

“Martti.”

“Na'am.”

“Ƙara ruwa.”

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna. Shekarata sittin da tara, ban taɓa jin mutumin nan ya buɗe baki ya nemi wani abu ba, ko gishiri a kan tebur. Sai kuma duk haushin da na tara tun ina yaro ya taso mini, na ce yau sai na rama.

“A'a,” na ce. “Yanzu na zuba.”

Ya buɗe ido ɗaya.

“Ƙara ruwa, na ce.”

“Kada duwatsu su wahala saboda kai.”

Ya dube ni ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na tsorata, na ɗauka zuciyar ce, ashe dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, hawaye na bin zufa.

“Ɗan banza,” ya ce. “Halin uwarka ne wannan. Ƙara ruwa, don Allah.”

“To, rabi kawai.”

Na cika moɗar har tana zuba na sheƙa wa duwatsun. Tururi ya buga rufi ya sauko mana a kafaɗa kamar bargo. Baba ya ja numfashi mai tsawo ya jingina da gungumen da ubansa ya sassaƙa.

“Yawwa,” ya ce. “Yanzu ka hura sauna.”

Da muka fito Saima ta lulluɓe shi, ta ce masa ga gahawa. Ya ce a'a, bai daɗe da sha ba. Ta buɗe baki za ta ce to shi ke nan, na harare ta. Ta sake, ta kuma sakewa. Ya sha kofi biyu da nisu yanka uku, yana yi mini faɗan itacen da na ɓarnatar har muka koma Hancock. Bai kai Asabar ta gaba ba.

Shi ya sa maganar faston ta ɓata mini rai. Bayan an dawo daga maƙabarta aka sauka ɗakin ƙasa na coci shan gahawa, kamar yadda aka saba. A da, wannan ɗaki cike yake da tsofaffin mata masu bin mutum da buta har bakin mota, ba ka isa ka tsere musu ba. Yanzu duk suna can gefen Baba a kwance. Matar faston ce ke zagayawa da butar, mace mai kirki, ba ni da abin faɗa a kanta. Tun safe ban sa komai a cikina ba, ƙamshin gahawar har jiri yake sa ni. Ta iso gabana.

“Sannu da haƙuri, Martti. In zuba maka?”

“A'a, na gode,” na ji bakina ya ce. “Yanzu na sha.”

Ta yi murmushi, ta dafa mini hannu, ta wuce tebur na gaba.

Na tsaya nan da kofina babu komai a ciki, ina jiran ta dawo, har aka fara kwashe kujeru.